Lahadi Huɗu Kafin a Ajiye Waƙarsa

Lahadi ta farko ta same ni a tashar Sakkwato, zaune kan ƙunshina, 'yata Lidiya tana barci a bayana. Da rana ta ɗan ɗaga na san a gida an buga ƙarfe, an shiga sujada. Na san inda kowa yake zaune. Na san Iya Saratu, mai yi mana kiɗa, ta ɗora tulu tsakanin ƙafafunta, ta ɗauki gammon da take buga bakinsa da shi. Wurina ne kawai babu kowa.

Sai na faɗi abin da ya fito da ni, in ba haka ba ba za a gane ba. Mu gida tara ne masu bin Yesu a ƙauyenmu, yamma da Malumfashi, ɗakin sujadarmu ma na jinka ne. Muna da wata al'ada da ban gani a wata ikkilisiya ba. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa, Iya Saratu takan yi masa waƙa tasa, gajeruwa, baiti biyu ko uku. Kowace Laraba da la'asar da kowace Lahadi da safe sai a rera ta da kiɗan tulu, a kira sunansa cikin addu'a. In mutuwa ta riske shi a can, sai a rera ta sau ɗaya na ƙarshe, ba kiɗa, a ce an ajiye ta. Daga ranar ba a ƙara kiran sunansa cikin masu rai.

Maigidana Ishaya magini ne. Ban saba faɗin sunansa ba, a takarda ya fi mini sauƙi. Ya tafi Nijar neman aiki a Malbaza, garin siminti. Shekara guda yana aiko da saƙo, sai shiru har wata bakwai. Sai wani direban albasa ya ce ya ji rijiya ta rufta da wani magini ɗan ƙasarmu a can. Bai ga gawa ba, bai san suna ba. Baba Ayuba, dattijon ikkilisiyarmu, ya ce ba kyau a yi ta kiran mamaci cikin masu rai, a ajiye waƙar. Na durƙusa gabansa na ƙi tashi, har ya ce ya ba ni Lahadi huɗu in kawo labari. Iya Saratu ta raka ni bakin hanya ta ce, “Rahila, Laraba da la'asar, duk inda kike, ki ɗauki waƙar. Mu muna nan muna amsa miki.”

Motar Ƙonni ba ta cika ba sai Litinin. Shekarar ruwa ya ƙi a arewa, mutane suna ta kwararowa kudu da tabarmi da tukwane a ka, motocin da suka fito can cike har saman kai, namu kuwa da ƙyar aka samu mutane. Kusa da ni akwai wata Hajiya mai fataucin goro, babbar mace mai haƙorin Makka. Ta ba Lidiya ƙuli-ƙuli. Lidiya ba ta cika shekara biyu ba a lokacin, amma duk abin da ta samu mai baki sai ta buga. Ta jawo kwanon Hajiya ta kife, ta shiga bugawa da tafi tana cewa, “Yesu, Yesu.” Ba ta iya wata kalma ta waƙar ba sai wannan.

Hajiya ta dube ta, ta dube ni. Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

“Ke Kirista ce?”

Na ce e.

“Ke kaɗai za ki Faransa da goyo?” Haka suke kiran Nijar a lokacin. “To ji nan, 'yata. Ni ba ruwana, na ci abinci da irinku a Kumasi. Amma can ƙauyuka ne, ba su taɓa ganin irinku ba, ga yunwa ta sa ran kowa a ɓace. Ki rufe bakinki. Yarinyar nan ki kira ta Ladi. Ki nemi mijinki ki dawo, ba wanda ya tambaye ki addini.”

Da zuciya ɗaya ta faɗa, ni ma da zuciya ɗaya na karɓa. Dama ni mai tsoro ce. Ɗana na fari kwana arba'in ya yi ya koma, tun daga nan ko tari yaro ya yi sai in kwana ban runtsa ba. Na ƙwace kwanon daga hannun Lidiya, ta yi kuka har iyaka.

A iyaka jandarma, ɗan sandansu, ya hau motar yana tambayar takardu. Ni ba ni da komai sai wasiƙar maigidana ta ƙarshe da hotonsa, na ƙulle su a bakin zane. Da ya iso kaina sai Hajiya ta ce, “Yarinyata ce, ita ke yayyafa wa goro ruwa.” Ta miƙa masa farin goro guda biyu masu kyau. Ya jefa ɗaya a baki ya wuce. A Ƙonni ta sauke ni a gidan da fatake mata ke sauka, ta ce wa uwar gidan a ba ni lungu, ita ta wuce Tawa. Ban ƙara ganinta ba.

Hausarsu ta ba ni wuya kwana biyun farko. Suna cewa mi, suna cewa munka, sunka, kuɗi ma wani suna gare shi. Na yi ta bin tasha ina tambayar motar Malbaza. Nan wani mutum ya tare ni, sanye da riga mai aljihu biyu, biro uku a jere a aljihun. Ya ce shi ɗan buro ne, wato ma'aikacin ofis, duk baƙon da ya shigo aiki sunansa yana littafinsu. Ya ce mi ya sa zan wahal da goyo zuwa Malbaza, in ba shi hoto da wasiƙar ya duba mini, kafin azahar in san inda mijina yake, ko yana da rai ko ba shi da shi. Kalmar ƙarshen nan ce ta kama ni. Na kwance bakin zane na ba shi. Ya ce manyan ciki ba su buɗe littafi hannu sake, na ciro atamfar aurena daga ƙunshi na ɗora masa. Ya nuna mini wata bishiyar bedi gaban wani farin gini, ya ce in jira nan.

Kwana biyar ina zuwa gindin bedin nan daga safe har rana ta faɗi. Laraba ta same ni a wurin. Da aka kira la'asar maza suka yi sahu kusa da ni, na san a gida Iya Saratu ta soma bugu. Na sunkuyar da kai na motsa leɓe kawai, tafin hannuna a kan bakin Lidiya. Na ce a raina Ubangiji yana jin na zuci. Amma na ji kamar na bar mata tara suna amsa wa bango.

Ran Asabar wani tsohon mai sharar ginin ya zo ya tsaya kaina da tsintsiyarsa.

“Ɗiyar ga, mi kike jira kullum?”

Na gaya masa. Ya tambayi kamannin mutumin, na ce mai biro uku.

“Wanga ko sunanai bai iya rubutawa,” in ji shi. “Ba ya aiki nan, ba ya aiki ko'ina. Tashi ki tahi, kar rana ta kashe miki ɗiya.”

Ya koma ciki ya fito da guntun burodi ya ba Lidiya. Atamfar ba ta dame ni ba. Hoton ne, don shi kaɗai gare mu, ranar da aka ɗauka ma ya aro hula. Lahadi ta biyu ta wuce ina kwance a lungun gidan fatake, fuskata a bango.

Malbaza tun daga nesa ake ganin hayaƙinta. Komai na garin toka-toka ne, ganyen itace, bayan jakuna, har gashin idon mutane. Manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi. Na je ƙofar gidan simintin na samu mai gadi, wani dattijo mai carbi, yana zaune kan benci. Na gaishe shi na ce ina neman maigidana.

“Mi sunanai?”

Da wasiƙar tana hannuna da na miƙa kawai. Na dubi ƙasa na ce, “Uban yarinyar nan.”

“Yo ni na san uban yarinyar ga? Hwaɗi suna, ba surukinki ba na.”

Na faɗa, a hankali, karo na farko tun da aka ɗaura mana aure. Ya maimaita sau biyu ya girgiza kai. Ya ce nan ba mai amsa sunan gidansu, kowa da laƙabin da aka liƙa masa, kuma magina 'yan Ingilishi, wato 'yan ƙasarmu, sun fi a ƙirga, wasu su yi wata biyu su wuce.

“Mi ya raba shi da sauran? Abin da in an gani za a ce shi na.”

Amsar ta zo har bakina. Na dubi carbin hannunsa, na tuna maganar Hajiya, na haɗiye. Na ce dogo ne, baƙi, da tabo a haɓa.

Ya yi dariya har da tari. “Kin hwaɗi rabin garin ga.”

Duk da haka bai kore ni ba. Ya kai ni wurin wata mai tuwo da ke ciyar da leburori, ya ce ta bar ni in riƙa wanke kwanoni ina duba fuskoki. Sati guda ina wanki ina kallon duk wanda ya sunkuyo ya shigo rumfar. Duk dogon da ya juya baya sai in miƙe in duba. Lidiya ta kama tari saboda ƙurar, ina jin ƙirjinta yana kuka a bayana, ina ƙirga numfashinta ina cuɗa kwano. Laraba ta biyu ma na yi ta da leɓe, hannuna cikin ruwan wanki. Daga baya na ji ashe gabas da garin, tafiyar da ba ta kai yini ba, akwai asibitin mishan da masu bi a kewayensa. Ban sani ba, don ban tambaya ba, kuma ba wanda zai gaya wa Musulma abin da ba ta nema ba.

Bayan Lahadi ta uku mai gadin ya zo da kansa. Ya ce ya tambaya, an ce maginan da ba su samu wurin zama ba sun bi siminti arewa, wajen Badaguishiri, inda masu garka, wato lambu, ke ɗaure rijiyoyinsu don ruwa ya yi ƙasa. Ya roƙi wani direba ya ɗora ni kan buhuna. A hanya na ga shanu kwance a gefen titi, fata da ƙashi, ungulaye ma sun ƙoshi sun bar su. Muka wuce wata mararraba, wani ya ce hanyar Tajaye ke nan. Ban ko juya ba.

Badaguishiri kwari ne, kuma shi ne kore na farko da na gani tun Sakkwato. Albasa ko'ina, warinta har cikin ruwan sha. Wata gwauruwa mai garka, Inna Dije, ta gan ni zaune bakin kasuwa ta ce in biyo ta. Gajeruwa ce, bakinta ba ya hutawa, tana faɗa da awaki kamar mutane. Da magariba ta miƙo mini buta, na ce ina fashin salla. Ta dube ni ta dubi yarinyar da ke shan nono, ta ajiye butar.

Na tambaye ta maginin da rijiya ta rufta da shi. Ta ce an yi, bayan kaka, a garkar wani can ƙasan kwari. Baƙo ne daga Ingilishi, kwana uku da zuwansa, ba wanda ya riƙe sunansa. Ran Talata ta kai ni. Aka nuna mini wani tudun ƙasa da ƙaya a kai don kuraye. Na tambayi mai garkar ko dogo ne. Ya ce da aka ciro shi ba a iya cewa. Na tambayi tabon haɓa. Ya ce, “Baiwar Allah, laka ta.” Ya ce sun yi masa wanka sun yi masa salla kamar ɗan'uwa.

Na tsaya gaban tudun ban san ko in yi kuka ba. In shi ne, to an binne shi, Baba Ayuba yana da gaskiya. In ba shi ba ne, saura kwana biyar a ajiye waƙar mai rai, ni kuwa ban san inda zan dosa ba.

Laraba da la'asar Inna Dije ta aike ni ɗebo ruwa. Na ɗauki tulu da gammo na bi ta bayan shingen garka. Daga gari aka kira salla. Na tsaya. Ga tulu wofi a kaina, ga gammo. Na ce a raina ta yiwu wannan ce Larabar ƙarshe da za a rera ta da kiɗa, ni kuma sau biyu ina barinsu su kaɗai. Na sauka cikin wani busasshen kwazazzabo, na zauna, na sa tulun tsakanin ƙafafuna. Na buga. Sautin ya fito da zurfi kamar na gida. Na ɗauka: “Inda ƙafata ba ta kai ba, idonka ya kai.” Na bar wurin amshi, kamar yadda ake yi, na sake ɗauka.

A karo na uku wani ya cike wurin amshin. Ba kalmomi, da hanci kawai ake yi, amma muryar waƙar ce daidai, har da inda take sauka a ƙarshe. Na ɗaga kai. Inna Dije ce tsaye bakin kwazazzabon da kwandon albasa a ka.

Na rungume Lidiya. Ban san abin da na zaci za ta yi ba.

“Wa ya koya miki waƙar Mai-Lahadi?”

Na ce ban san wani Mai-Lahadi ba.

“Maginin nan Kirista. Shi ya ɗaure mini rijiyar da za ki ɗebo ruwa yanzu. Wata guda shina ƙasan ramin shina wagga waƙa, har awakina sun iya ta. Ran Lahadi ko ka ba shi raƙumi ba ya shiga rijiya, sai shi zauna gindin gawo shi dubi kudu shi yi ta bugun guga.” Ta sauke kwandon a hankali. “Ke. Shi kike nema?”

Na gyaɗa kai.

“Kwana uku kina cin tuwona, na kai ki kabarin wani bawan Allah kin tsaya kina rawar jiki, ba ki iya ce mini mijina Kirista na? Daga nan har Malbaza wa bai san shi ba? Shi ɗaya na a ƙasar ga duka.”

Na ce tsoro nake ji.

“Tsoron mi? Shi da munka sani mun cinye shi?” Ta ja tsaki. “Da fashin sallarki. Na haihi tara, ni za ki gaya wa.”

Ta ce wancan mamacin ya zo ne bayan Mai-Lahadi ya bar garin. Shi ya tafi wajen Tajaye ɗaure rijiyar makiyaya, daga nan ba ta ƙara jin labarinsa ba. Ranar ba a ɗebo ruwan ba. Ta ja ni gida-gida tana tambaya, ko'ina aka ce Mai-Lahadi sai a yi murmushi, amma ba mai sabon labari. Sai ran Juma'a muka samu wata Bafillatana mai tallar nono, wadda nonon nata bai rufe gindin ƙwarya ba. Ta ce ta san shi. Igiya ta tsinke da shi cikin rijiya. Yana rugar wani tsoho mai ɗori, gabas da Tajaye. Na tambaya ko yana da rai. Ta ce watan jiya dai yana da shi.

Inna Dije ta ƙulla mini gari da albasa, ta sa ni motar 'yan kasuwa. Ta ce in gaya masa rijiyar ba ta zube ba. Na sauka a mararrabar nan da na wuce ban duba ba, na kwana a Tajaye, da safe na kama hanya da ƙafa. Rana ta yi zafi har na daina jin tafin ƙafata. Lidiya ta daina kuka, shirun nata ya fi kukan ba ni tsoro, kowane ɗan lokaci sai in sauke ta in taɓa maɗigarta in ɗiga mata ruwa. Sai bayan la'asar ran Asabar na hango bukkoki huɗu da 'yan shanu da ba su kai goma ba.

Yana zaune ƙarƙashin wata rumfar kara, ƙafarsa ta dama miƙe, ɗaure da sanduna da igiyar kaba. Da na wuce shi, don ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Shi ya gane ni. Bai yi motsi ba. Ya dubi goyon ya ce, “Ta yi girma.”

Na durƙusa na gaishe shi kamar da safe muka rabu, don tsohon mai ɗorin yana tsaye yana kallo. Baffa ake ce masa. Shi ya shiga rijiyar da kansa ya ɗauro shi, ya ɗora ƙafar, ta goce, ya sake karyawa ya ɗora. Wata huɗu suna raba ɗan abin da suke da shi da baƙon da ba addininsu ɗaya ba. Ya kawo mini ruwa ya ja gefe.

Na ce, “Ko saƙon baki ba ka iya aikowa ba?”

“In ce me? In ce maginin da ya tafi neman abinci ya zama mai ja da gindi?” Ya dubi ƙafar. “Baffa ya ce zan taka, amma ba zan ƙara hawa gini ba. Na ce gara ku ɗauka na mutu, 'yan'uwana su riƙe ku.”

“To sun ɗauka. Gobe za a ajiye waƙarka.”

Ya tambaya ko har yanzu ana rerawa. Na ce Laraba da Lahadi, ba a taɓa tsallakewa ba, uwarka ma da ba ta shiga sujada takan tsaya bayan danga ta saurara. Ya juya fuskarsa. Can ya ce, “Daga nan zuwa gida kwana nawa?” Na ce in an yi sa'ar mota, huɗu. Da na faɗi kalma ɗaya a ƙofar gidan siminti, da tuni saƙo ya isa.

Da safe rana ta kai inda ake buga ƙarfe. Na san a gida Iya Saratu ta kife tulunta, Baba Ayuba ya miƙe tsaye, za su rera ba kiɗa. Na je na aro ƙwarya wurin matar Baffa, na kife ta gaban maigidana na soma bugawa.

“Su suna ajiyewa ke kina ɗagawa?” in ji shi.

Na ce ni ban ga gawa ba.

Baffa ya matso da sandarsa. “Mai-Lahadi, yau ranarka ta. Tun da ka hwaɗi ban ji ka ba. Na ɗora ƙahwa, ban taɓa maƙoshi ba.”

Na ɗauki waƙar, na bar wurin amshi, ba wanda ya cike. Na yi ta har ƙarshe, baiti uku, shi yana kallon ƙasa yana tsinka kaba da farce. Na yi addu'a da ƙarfi na kira sunansa cikin masu rai, Fulanin suna tsaye daga nesa, mazan sun cire hannu daga kan sanduna.

Sai da muka ƙara sati biyar kafin ya iya dogara sanda. Na ba direbobi biyu saƙo, ba wanda ya isa. Muka sauka bakin hanyar ƙauyenmu wata Laraba, rana ta karkata. Matar da ta fara ganinmu ta yar da itacenta ta ruga. An riga an yi zaman makoki, an raba rigunansa, ƙanensa ma yana sanye da ɗaya da ya fito.

Ana cikin addu'a muka isa ƙofar ɗakin sujada. Kiɗan ya tsaya. Baba Ayuba ya taso ya kama fuskarsa da hannu biyu yana shafawa kamar makaho, hawaye yana bin gemunsa. A wurinmu wanda ya dawo daga tafiya shi ke ɗaukar waƙarsa da bakinsa, jama'a su amsa, sannan ya zauna. Kowa ya san haka, shi ya sa kowa ya yi shiru.

“Ɗana,” in ji Baba Ayuba, “mun ajiye ta. Ni na ajiye ta da bakina. Ba a taɓa ɗaga wadda aka ajiye ba, ban san yadda ake yi ba.”

Iya Saratu ba ta tashi daga inda take ba. Ta gyara tulun tsakanin ƙafafunta.

“Mu muka ajiye, Ayuba. Shi ka tambaye shi ko ya ajiye?”

Ta buga. Maigidana ya tsaya kan sandarsa a bakin ƙofa, ya buɗe baki, muryar ta fito rabi ta karye. Tulu yana ta tafiya shi kaɗai. Na ja numfashi zan ɗaukar masa, sai na ji hannun Iya Saratu a kan gwiwata.

“Bar shi,” ta ce, ba ta daina bugu da ɗaya hannun ba. “Ke kin yi naki.”

Ya sake ɗauka daga farko.